Hannuwan da Na Gani a Samaru

Ni ɗan Aliero ne, ɗan manomin albasa. Tun ina makarantar allo aka dasa mini a zuciya cewa mala'ikun rahama ba sa shiga ɗakin da ke da surar abu mai rai. Saboda haka ranar da na fara cin karo da lambun mutum-mutumi na sashen zane da sassaƙa a Jami'ar Ahmadu Bello, gabana ya yanke ya faɗi. Da sassafe ne, hazon hunturu bai ɗaga ba, ga su nan na siminti da na ƙarfe, wani a tsaye, wani a durƙushe. Na yi a'uziyya na sauya hanya. Shekara guda cur ina kewaye wurin.

Wanda ya ja ni ciki wani ɗan ajin ƙarshe ne da muke sallah sahu ɗaya, kullum bakin farcensa da fenti. A 2004 ne, ina karatun aikin gona. Bayan isha'i ya dafa kafaɗata ya ce, "Ƙanena, gobe za mu baje kolin aikinmu. Ka zo ka ga abin da ya hana ni barci."

"To Yaya, Allah ya kai mu," na ce. Kunyarsa ce kawai ta kai ni.

Zauren fari fat, warin fenti har maƙogwaro, mutane na magana ƙasa-ƙasa kamar a gidan gaisuwa. Zane-zanensa na fenti ban gane musu komai ba, ja ne da ruwan ƙasa a cakuɗe, na wuce su da sauri. A tsakiyar ɗaki akwai abin da na zo ina tsoro. Da na matsa, sai na ga tsofaffin ruwan fartanya ne da sarƙar babur, ya sayo a wurin 'yan jari-bola ya haɗe su da walda. Siffar mutum ce a sunkuye, ba fuska, ba ido. Amma doron nan na san shi. Haka bayan mai dashen albasa yake lanƙwashewa idan rana ta take.

Sai hotuna baƙi da fari da ya ɗauko a fadamun kogin Galma. Ɗaya daga ciki hannuwa ne kawai, riƙe da albasa uku. Fata duk faso, laka ta bushe a tsakanin yatsu, farcen babban yatsa ya tsage, ga zoben azurfa ya nutse cikin nama. Wani dattijo mai babbar riga ya tsaya gaban hoton ya daɗe, hannunsa goye a baya, ko motsi ba ya yi.

Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba shi ne, a Samaru idan an tambaye ni sana'ar mahaifina, cewa nake ɗan kasuwa ne. Ga shi yau baƙo ya tsaya yana kallon irin hannuwan da suka biya mini kuɗin makaranta, kallon da ni ban taɓa yi musu ba. Wuyana ya shaƙe. Na fita waje na tsaya jikin bango.

Ya biyo ni, yana tsammanin mutum-mutumin ne ya dame ni. Ya shiga ba ni labarin sashensu: an dawo da shi Zariya daga Ibadan a 1955, kuma a 1958 ɗalibai irin su Uche Okeke, Demas Nwoko, Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiya, suka ce za su karɓi dabarun Turawa amma abin zanawa daga gidajensu zai fito. Ya ambaci Gani Odutokun, malamin sashen da ya rasu a haɗarin mota a 1995. A lokacin sunaye ne kawai na baƙi a kunnena. Sai daga baya na fahimci cewa wannan koyarwar ce ta tura shi fadama da kyamara.

Har yau ba na ajiye mutum-mutumi a gidana, zuciyata ba ta saki a kan wannan ba. Hoton ne ya bi ni.

Da aka yi hutu na biyo ta Funtuwa da Gusau, na sauka Jega, na hau babur zuwa gida. Na tarar da Baba a bakin rudu yana juya albasa, yana tsame ruɓaɓɓu. Na durƙusa na ce, "Baba, kawo in kama maka."

Ya yi murmushi. "Kai da hannun biro? Jeka ka huta, ka sha hanya."

Ban tafi ba. Muka yi ta tsincewa har aka kira magariba, idona na kan hannuwansa: fason nan, tabon lauje a bayan na hagu, yadda yake matsa wuyan albasa sau ɗaya ya san ko ta fara ruwa. Na ƙudura in nemo mai hoto daga Jega ya ɗaukar mini su. Na yi ta cewa sai hutu mai zuwa.

Allah ya yi masa rasuwa ina bautar ƙasa. Hoton da ya rage mana nasa na katin zaɓe ne, daga kafaɗa zuwa hula.