Ciwon da ba ya warkewa, sai lallaɓawa

'Yan'uwana matasa, daga nan Manchesta nake rubuto muku. An daɗe ana bina bashin rubutu, ana cewa mu da aiki ya kai mu waje kada mu yi shiru. To yau zan biya, amma sai kun yi haƙuri da ni, domin labarin kare na kawo muku.

Na san abin da wasu za su ce. A gida kare na gadi ne ko na farauta, ya ci ragowar tuwo ya kwana a bakin ƙofa, ni ma a haka na tashi. Amma shekara huɗu ke nan ina zaune da wani kare mai suna Dogo, kuma shekara ɗaya da rabi yana fama da ciwon Cushing, ciwon da likita ta gaya mini tun ranar farko cewa ba za mu rabu da shi ba.

Dogo daga irin karnukan tsere ne da ake kira girehawun. In kun san siraran karnukan mafarauta masu dogayen ƙafafu da lafaffen ciki, to ku ƙara masa tsayi da zurfin ƙirji. Gudunsu yakan kai wajen kilomita 70 a awa ɗaya. A garin nan aka fara tserensu a zagayayyen fili a Birtaniya, a Belle Vue, a 1926, kuma sai a 2020 aka rufe filin. Yawancinsu sukan bar tsere suna shekara uku zuwa biyar, sai ƙungiyoyin agaji su nema musu gida. Haka Dogo ya zo hannuna yana shekara biyar, da lambar rajistarsa a cikin kunne. Masu karanta fassarar King James ta 1611 za su tarar da sunan irin karen nan a Karin Magana 30:31, cikin jerin masu tafiyar ƙasaita, ko da yake fassarori da yawa na baya sun ce zakara ake nufi. Wanda ya ga takun Dogo lokacin da yake da lafiya ba zai yi wa tsofaffin mafassaran gardama ba.

Ƙishirwa ce ta fara nuna kanta. Kwanon ruwan da ke kai shi yini sai ya koma ƙarewa kafin tsakar rana, da dare kuma yana tashe ni sau biyu don ya fita fitsari. Karen da bai taɓa kallon abincin mutum ba ya fara tona kwandon shara. Yana haki ko yana kwance cikin sanyi. Cikin nan da ya lafe ya fara saukowa kamar tulu, naman cinyoyinsa yana zubewa, gashin haƙarƙarinsa yana kaɗewa dama da hagu daidai wa daida.

Likitar dabbobi ba ta yarda da abin da ido ya gani kaɗai ba, kuma ta faɗa mini dalili. Girehawun tun asali fatarsa sirara ce, ba shi da kitse, da yawansu suna da sanƙo a cinya alhali lafiyarsu ƙalau. Har jininsu ma ba ya bin ma'aunin sauran karnuka. Don haka ta ba ni aiki: in auna ruwan da yake sha kwana uku a jere. Ƙa'idar ita ce, in kare ya wuce mililita 100 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, shansa ya yi yawa. Dogo kilo 30 ne, wato iyakarsa lita uku. Abin da na auna ya doshi lita biyar.

Ga yadda ciwon yake. Akwai wani sinadari a jiki mai suna kotisol, wanda ke taimakon jiki ya jure wahala, ya daidaita sukarin jini, ya kwantar da kumburi. Wasu ƙananan sassa biyu da ke kusa da ƙoda, adirenal, su ne ke sarrafa shi. Amma ba sa aiki da ra'ayin kansu, umarni suke jira daga wani ɗan mitsitsin sashe a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, fitiyutari. A cikin karnuka ɗari masu wannan ciwo, wajen 80 zuwa 85 wani ɗan ƙari ne ke fitowa a fitiyutarin, sai ya yi ta aika umarni ba ƙaƙƙautawa, jiki ya cika da kotisol dare da rana. Sauran kuma a jikin adirenal ɗin ƙarin yake. Sunan ciwon daga Harvey Cushing ya samo asali, likitan tiyatar ƙwaƙwalwa ɗan Amurka da ya yi bayaninsa a jikin mutane a 1932.

Gwajin da aka yi wa Dogo ya ci awa takwas. An ɗebi jini, aka yi masa allurar ɗan ƙaramin deksametason, aka sake ɗiba bayan awa huɗu da bayan awa takwas. Lafiyayyen kare in ya ji allurar nan sai jikinsa ya rage kotisol ya bar shi a ƙasa. Na Dogo ya ƙi zama a ƙasa. Hoton ciki ya nuna adirenal ɗin biyu sun kumbura daidai da juna, alamar cewa daga sama matsalar take.

Maganinsa tirilosten ne, wanda ake sayarwa da sunan Vetoryl. Ba ya taɓa ƙarin, abin da yake yi shi ne rage wa adirenal ƙarfin sarrafa kotisol. Nan ne wuyar take, 'yan'uwa, domin abin da ya yi yawa ya kawo ciwo, in ya yi kaɗan kuma kisa yake yi. Saboda haka ana gwada jini bayan kamar kwana goma da fara magani, a sake bayan wata ɗaya, a sake bayan wata uku, daga nan kuma duk bayan wata uku har iyakar ransa. Likita ta rubuta mini alamun haɗari: amai, zawo, ƙin abinci, kasala, ko faɗuwa. Ta ce in na ga ɗaya daga ciki, kada in ba da ƙwayar ranar, in kira ta nan take.

Wata Lahadi da safe, a wata na biyar, Dogo ya kalli abincinsa ya kau da kai, ya yi amai, ya koma ya kwanta. Na mayar da ƙwayar cikin kwali, na kira lambar gaggawa. Jini ya nuna kotisol ɗinsa ya yi ƙasa fiye da kima. Aka hutar da shi daga magani na 'yan kwanaki, aka dawo da shi a kan awo mafi ƙanƙanta. Ranar ban je sujada ba, a ɗakin jira na yi ta, ni da wata tsohuwa mai riƙe da kyanwa.

Tun daga nan gidana yana da dokoki. Ƙwaya da safe, tare da abinci, domin da abinci take shiga jiki sosai. Ba a buɗe kwansonta, ana wanke hannu bayan an taɓa ta, mace mai juna biyu kuma ba ta taɓa ta sam. Ba a hana shi ruwa ko da fitsarin dare ya ishe ni, domin jikinsa zubar da ruwan yake yi ko ya sha ko bai sha ba. Ina duba fatarsa kullum, don ƙaya kaɗan sai ta yage ta, rauninsa kuma ba ya saurin warkewa. Akwai littafi a kan firji inda nake rubuta ruwan da ya sha da yadda ya ci. Ƙishirwar ta ragu cikin makonni kaɗan, gashi kuwa sai da ya ci watanni kafin ya fara tsirowa.

Akwai maganar kuɗi, kuma ba zan ɓoye muku ita ba. Da Mama ta ji, sai da ta yi shiru a waya, sannan ta ce, “Auta, kare fa? Mutane na kwana da yunwa a unguwar nan.” Maganarta ta zauna mini a rai kwana da kwanaki, domin gaskiya ce. Shawarar da na yanke ita ce, abin da nake aikawa gida ba zai ragu da ko sisi ba, kuɗin makarantar ƙannena ma haka. Inshora tana ɗaukar wani kashi, ragowar kuma daga abin da nake kashe wa kaina zai fito. Ni na je na ɗauko shi, na sa hannu a takarda cewa zan riƙe shi, kuma Karin Magana 12:10 ta sa kula da ran dabba cikin halayen adali. Mama ba ta gamsu gaba ɗaya ba, amma yanzu in na kira takan ce, “Ya jikin maras lafiyar taka?”

Mun kuma yi maganar ƙarshe da likita tun yanzu da hankalina ke kwance. Ranar da Dogo ya daina cin abinci, ya kasa tashi da kansa, ya daina zuwa tarye ni a ƙofa, ba zan ja masa wahala don in ji daɗin ganinsa ba.

Wani abu guda ya shafe ku kai tsaye. Deksametason ɗin nan da aka gwada Dogo da shi dangin kotisol ne, kuma yana cikin ƙwayoyin ƙiba da ake kira “sha ka fashe”. Wasu mayukan bilicin ma suna ɗauke da danginsa. Mutumin da ya daɗe yana amfani da su yana iya jawo wa kansa irin wannan ciwo: fuska ta kumbura, ciki ya fito, fata ta yi sirara ta tsattsage, ga hawan jini da ciwon sukari. Ni da nake ganin abin da yawan kotisol ke yi wa jiki kowace safiya, ina roƙonku ku guje su. Wanda kuma ya riga ya daɗe a kansu kada ya yanke dare ɗaya, domin hakan ma haɗari ne, ya je likita ya rage masa a hankali.

Na san a cikinku akwai masu jinyar da ta fi tawa nauyi nesa ba kusa ba: ƙani mai sikila, uba mai ciwon sukari, kaka mai hawan jini. Ku ma babu ranar da za a ce an gama, sai ƙwayar safe, da layin asibiti, da lissafin kuɗi, gobe kuma a sake. Irin wannan aiki ba a cika tashi a ba da shaidarsa a gaban jama'a ba, amma shi ke riƙe da rai. Ku rubuta abin da kuke gani, ku san alamun haɗari, kada ku canza awon magani da kanku, in kun gaji kuma ku faɗa wa 'yan'uwa a karɓe ku ko na yini ɗaya ne.

Gwajin jinin Dogo na gaba a farkon wata mai zuwa ne. Ku tuna da mu cikin addu'a, ni ma ina tunawa da ku da majinyatanku. Ku gaishe mini da kowa da kowa.