Ranar Da Maigidana Ya Ce Ya Kasa

'Yan'uwana mata, wannan ba ƙagaggen labari ba ne irin wanda na saba rubuta muku. A ɗakina ya faru.

Shekara shida maigidana yana shan giya. Direban babbar mota ne, abokai suka koya masa a Sabon Gari. Babu abin da ban yi ba: na yi kuka, na yi yaji sau uku, na karɓo rubutu na zuba masa a kunu bai sani ba. Shi kuwa rantsuwa ba irin wadda bai yi ba. Ya dafa Alƙur'ani ya ce ya daina, kwana tara ya koma. Mutum ne mai ji da kansa, kullum maganarsa, "Ai ranar da na ga dama zan bari."

Wata asuba na fito na same shi tsugune a bakin rijiya, hannunsa na karkarwa, buta ta gagare shi riƙewa. Ya ɗago ya ce, "Maman Ummi, na kasa. Abin nan ya fi ƙarfina." Wallahi tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa jin "na kasa" a bakinsa ba. Ni na zuba masa ruwan alwala. Ya daɗe a sujada yana kuka kamar yaro, ba alkawari ko ɗaya, sai roƙon Allah Ya karɓe shi yadda yake.

Ranar yayansa ya kai shi asibiti. Ku riƙe wannan: wanda jikinsa ya saba da giya, in ya yanke ta farat ɗaya zai iya faɗuwa kamar mai farfaɗiya, har a rasa rai. A can likita ya ba mu labarin wasu mashaya biyu a Amurka, Bill Wilson da Dakta Bob Smith, da suka kafa ƙungiyar masu son dainawa a 1935. Matakinsu na farko mutum ya amsa cewa ya kasa, daga baya ya miƙa lamarinsa ga Ubangiji. Na ce a raina, ashe abin da ya yi a bakin rijiya ke nan.

Ba zan ɓoye muku ba, ya taɓa zamewa sau ɗaya bayan sallar layya. Ya zo da kansa ya faɗa mini, ya koma wajen likita. Yanzu ba ya rantsuwa. Kowace asuba yakan roƙi Allah Ya tsare shi na yinin nan kawai, ya fita fuskarsa a sake.

Ni ma sai da na saki. Da, in ya yi sallama da dare, nakan matsa kusa ina shinshina bakinsa. Yanzu ruwa nake kawo masa.