Wasiƙa Daga Rillieux: Ɗakin Auta

Ina neman afuwa saboda shirun da aka ji na yi. Wannan karon ba daga Paris nake rubuto muku ba, ina gidan yayata ne a Rillieux-la-Pape, kuma labarin da zan ba ku na cikin gida ne. Na daɗe ina juya shi a raina, don mu ba mu saba shanya kayan cikin ɗaki a bakin hanya ba. Sai da na nemi izinin Yaya, na nemi na yaron, sannan na zauna rubutu. Shi yaron cewa ya yi in rubuta amma kar in sa sunansa, don haka zan kira shi da abin da muke kiransa a gida, wato Auta.

Ga wanda bai sani ba, Rillieux-la-Pape gari ne a arewa maso gabashin Lyon, a kan tudu, kogin Rhône na gangarawa ta ƙasansa. Kada sunan ya ruɗe ku, ba garin Paparoma ba ne. A 1972 aka haɗe Rillieux da Crépieux-la-Pape suka zama gari guda, mutanensa kuwa 30,000 ne da 'yan kai. Yawancinsu suna zaune ne a dogayen benayen da aka gina a shekarun 1960 da 1970, a unguwanni irin su Alagniers da Velette da Semailles. A hawa na tara na ɗaya daga cikin benayen nan Yaya take zaune. Mijinta direban babbar mota ne, sai ya yi kwana biyar bai kwana gida ba. Ita kuma tana aikin sharar ofisoshi a wajen Part-Dieu, tun ƙarfe biyar na asuba take fita. 'Yan matanta biyu sun yi aure. Auta kaɗai ya rage, shi ma yana da shekara tara aka kawo shi daga Maraɗi.

Bari in fara da laifina, tun kafin wani ya tona ni. Ni na saya masa na'urar wasan. A watan Maris na 2020 da aka kulle Faransa saboda korona, daga 17 ga wata har zuwa 11 ga Mayu, Yaya ta buga mini waya ta ce yaron nan zai haukace, daga taga sai gado. Na yi oda aka kai masa har ƙofa. Ranar da ya buɗe kwalin ya kira ni yana tsalle yana cewa, "Kawu, Allah ya saka da Aljanna!" Na kwana ina jin ni ne kawun da babu irinsa.

A watan Janairu na 2023 Yaya ta sake kirana, muryarta na rawa. Abu biyu suka haɗu mata a mako guda. Na farko takarda daga makarantarsu. A ƙasar nan in yaro ya yi fashin rabin wuni sau huɗu a wata ba tare da uzuri ba, sai maganar ta wuce hannun malamin aji ta tafi sama. Ashe Auta yakan saɓa jaka ya sauka ƙasa, ya laɓe har maƙwabta su watse, ya hayo ya koma ɗaki. Na biyu, ta je cirar kuɗin adashi ta tarar babu. Yuro 380 suka zurare daga katinta kaɗan-kaɗan, yau goma gobe ashirin. A kuɗin gida wannan ya kusa jikka 250 na sefa, kuma da su take niyyar aika wa Inna na hatsi kafin azumi. Abin da ta ce mini shi ne, "Ka zo ka ga ɗanka, ni kam ya fi ƙarfina."

Daga tashar Gare de Lyon a Paris zuwa Part-Dieu awa biyu ne a jirgin TGV, daga nan na hau bas mai lamba C2 zuwa Rillieux. Duk tsawon hanyar huɗubar da zan yi masa nake shiryawa. Da na buɗe ƙofar ɗakin sai huɗubar ta gudu. Labule a sauke da rana tsaka, farantai a ƙarƙashin gado, ɗakin na warin da ɗakin da ba a buɗe taga yake yi. Ga yaro ɗan shekara 16 ya rame, idanunsa jajur, abin sauraro a kunne. Yaron da in na zo yakan rugo ya karɓi jakata ya durƙusa, ranar ɗaga mini hannu ya yi bai ko waiwayo ba, ya ce, "Kawu, minti biyar." Na tsaya a kansa minti arba'in.

Abin da na yi daren nan shi ne abin da kowane kawu daga cikinku zai yi. Na fizge wayar wutar, na cire akwatin intanet na kulle a jakata, na faɗa masa maganganun da har yau nake jin kunyarsu, har da cewa ya ci amanar uwarsa. Ya yi ihu kamar an yanka shi, ya naushi ƙofar banɗaki har ta fashe, ya fice cikin sanyin Janairu babu ko rigar sanyi. Kwana biyu ba mu san inda yake ba. Yaya ba ta ce mini uffan ba, kuma wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. A rana ta uku mahaifiyar wani abokinsa, wata Balarabiyar Aljeriya, ta rako shi har ƙofa. Allah ya saka mata.

Da labari ya kai Maraɗi, Inna ta ce ba komai ba ne illa shafar aljanu, ta sa aka yi rubutu aka busar a auduga aka ba wani mai zuwa ya kawo. Mun jiƙa ya sha, kuma ban raina ba, addu'ar kaka ba ta faɗuwa ƙasa. Amma ruwa ba ya tsami banza. Na ɗauki hutun mako uku a wurin aiki, na ce sai na san abin da ke cikin akwatin nan.

Wata ma'aikaciyar makarantarsu ce ta nuna mana wata hanya. Akwai wurare a duk faɗin Faransa da ake kira Consultations Jeunes Consommateurs, inda matasa da iyayensu ke zuwa neman shawara kan shaye-shaye da caca da wasannin na'ura, kyauta, ba kuma sai ka ba da sunanka ba. Auta ya ƙi zuwa, muka tafi ni da Yaya. A nan na fara jin cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan abu cikin kundin cututtukanta a 2019, kundin ya fara aiki a Janairun 2022. Kuma ba yawan awannin ake dubawa kawai ba. Ana duba ko mutum ya kasa tsayar da kansa, ko wasan ya ture barci da karatu da mutane, ko yana ci gaba alhali yana ganin ɓarnar, kuma a ga abin ya ɗauki kamar shekara. Auta ya cika duka. Amma matar da ta saurare mu ba ta tsaya nan ba. Tambayata ta yi, "Ka taɓa zama ka ga abin da yake yi a ciki?" Na ce a'a. Ta ce to ka koma ka zauna.

Na mayar da akwatin intanet, na jawo kujera na ce ya koya mini. Ya dube ni kamar mai neman tarko. Kai jama'a, an sha dariya. Yatsuna sun ƙi, da an jefa ni filin sai a harbe ni kafin in gane gabas. Amma a kwana huɗun da na yi a kujerar nan na fahimci abubuwan da shekara uku ban sani ba. Wasan ba ya tsayuwa, domin da mutane masu rai ake yinsa. In uwarka ta kira ka ka tashi, ka bar abokanka a bakin wuta ke nan. Kowace rana akwai 'yar kyautar da in ba ka shiga ba ta wuce ka. Bayan 'yan makonni a sake sabon zango, da sababbin riguna da makaman da sai da kuɗi. Akwai kuma akwatunan da kake saye ba ka san abin da ke ciki ba, ko ka dace ko ka yi asara. Ni dai a garinmu caca ake kiran wannan, kuma ba ni kaɗai na gani ba, tun 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta ce irin waɗannan akwatuna caca ne. Ƙasar Sin ma a 2021 ta ƙayyade wa 'yan ƙasa da shekara 18 awa ɗaya a ranakun Juma'a da Asabar da Lahadi. Mutane ne masu ilimi suka zauna suka ƙera abin don kada a tashi, mu kuma muna zagin yaro wai ba shi da zuciya.

Duk wannan bai girgiza ni kamar abin da na ji da ya sa mini abin sauraron ba. Muryoyi uku ne, wani daga Marseille, wani daga Liège, wani daga Abidjan. Da Auta ya shigo sai suka ɗauki sowa, suna kiransa kyaftin. Shi ke cewa wane bi dama, wane tsaya, kuma su bi. Yaron da a makaranta ake kwaikwayon yadda yake furta Faransanci, in ya yi waya da Maraɗi kuma a yi wa Hausarsa dariya a ce ya zama Bature, ashe a nan shi ne sarkin yaƙi. Da muka kashe na'urar na tambaye shi me ya sa ba ya iya bari. Ya yi shiru, can ya ce, rabi da Hausa rabi da Faransanci, "Kawu, a can ana jirana. A nan wa ke jirana?"

Ban sami amsa ba. Na tuna ina shekarunsa a Maraɗi, da an yi sallar isha'i muna fada, ga buta a kan gawayi, in ba ka zo ba sai an aiko yaro ya duba ko lafiya. Ga langa, ga kokawa bayan girbi, ga aiken maƙwabta da ba ya ƙarewa. Yaro a gida na kowa ne. Mu muka ɗauko wannan muka ajiye a hawa na tara, muka ce kada ya sauka ƙasa don muna tsoron masu sayar da ƙwaya da 'yan sanda, muka rufe ƙofa muka tafi neman kuɗi. Yaya da bakinta ta ce mini shekara biyu tana gode wa Allah da wasan nan, don ko ba komai ta san inda ɗanta yake.

Abin da muka yi bayan nan ba shi da wani armashi. Muka zauna mu huɗu har da babansa, muka rubuta sharuɗɗa a takarda muka manna a jikin firji. Na'ura ta bar ɗakin kwana ta dawo falo. An cire katin banki daga ciki. Ƙarfe goma na dare a kashe, amma a bar shi ya ƙarasa zagayen da ya fara, wannan shi ya roƙa kuma gaskiyarsa ce. Kuɗin Inna zai biya da kansa. Shi ma ya kawo nasa sharaɗin, wai in ana cin tuwo kowa ya ajiye waya, har Kawu. Wanzami ba ya son jarfa! A makon farko ni aka fi kamawa.

Sai kuma ranar Lahadi. Akwai wani dattijo Badamagare da 'yan Nijar ke taruwa a gidansa a wajen Guillotière, unguwar da muke sayen gero da kuɓewa busasshiya. Na ja Auta da ƙyar. Ban ce kowa ya yi masa wa'azi ba, abu ɗaya na roƙa, a miƙa masa butar shayi, tunda a fada ƙarami ke dafawa. Na farkon da ya yi ba ya shayuwa, aka yi masa tsiya aka shanye. Dattijon ya fito da allon dara, ramuka 30, kowa da 'ya'ya 12, ya ce zo nan jikana in ga kyaftin ɗin da ake faɗa. Ya cinye Auta sau shida a jere. Yaron ya dawo gida yana zana ramuka a takarda. Lahadi ta uku da bai je ba, dattijon da kansa ya bugo waya ya ce shayi ya lalace, ina jikana? Na ga fuskar Auta lokacin da Yaya ta miƙa masa wayar.

Kada in yi muku ƙarya in ce daga nan shi ke nan. Da na koma Paris, a cikin azumin shekarar ya koma ruwa, yana fakewa da jiran sahur yana kwana a kan na'ura. Ajin ma sai da ya maimaita shi. Amma a karo na biyun shi ya kira ni da kansa ya ce Kawu na sake, kuma shi ya ce a kai shi wurin matar nan mai ba da shawara. Kuɗin Inna ya biya su cikin wata bakwai, daga abin da yake samu a wajen wani mai gyaran waya da yake taya aiki ranar Asabar. Ranar da aka aika, ya ce a gaya mata daga Auta ne. Ta ce ai ta san rubutun nan ba zai tashi a banza ba, muka ce haka ne Inna.

Har yanzu yana wasansa, abokan nan uku ma suna nan, na Marseille ɗin har ya zo Rillieux ya ci tuwon Yaya da miyar kuka, ya sha ruwa kofi uku saboda yaji. Ƙofar banɗakin ce dai ba a sauya ba, Yaya ta ce a bar ta haka. Jiya da yamma muka gangara bakin ruwa a Miribel-Jonage ni da shi, yana ba ni labarin yadda ya cinye dattijon sau biyu a makon jiya, dattijon kuma ya ce hasken fitila ne ya hana shi gani. Gobe da safe zan kama jirgin Paris. Ya ce shi zai riƙe mini jaka har Part-Dieu.

A gaida mutan gida. Wassalam.