Lambar yabo a Washinton, shari'a a Ƙonni

Duk shekara, da zarar hunturu ya fara busawa, takardun gayyata sukan yi ta kwararowa ofisoshin jaridu a Yamai. Ranar 10 ga Disamba ita ce ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da sanarwar haƙƙin ɗan Adam a birnin Paris a 1948, shi ya sa ƙungiyoyi da ofisoshin jakadanci suke son wannan lokaci don karrama waɗanda suka yi fice wajen kare mutuncin talaka. Na halarci irin waɗannan bukukuwa har na daina ƙirgawa. Kowa ya san yadda suke: jawabin faransanci mai tsawon igiyar rijiyar tudu, tafi, hoto, lemu mai sanyi, sa'an nan kowa ya kama gabansa. Mu ƴan jarida mu koma mu rubuta cewa taro ya yi armashi. Ban raina wannan ba, yabon gwani ya zama dole. Amma akwai wata lambar yabo guda da ta tsaya mini a rai shekara da shekaru, ita nake so mu tattauna yau.

A watan Maris na 2009 ina ajin ƙarshe na lise a Dogondutsi, da maraice nakan taya kawuna tsaron kantinsa kusa da tasha. Muna zaune da wasu ƴan kasuwa abokansa sai rediyo ta ce an karrama wata ƴar Nijar, Hadijatu Mani, a Washinton. Ma'aikatar harkokin wajen Amurka ce ta ba ta lambar yabo ta mata masu jaruntaka, wadda ake bayarwa duk shekara tun 2007, kuma Hillary Clinton da uwargidan shugaba Obama suna tsaye a gefenta. Dalili kuwa, ta kai gwamnatin ƙasarta ƙara saboda an bautar da ita a yankin Birnin Ƙonni, ta kuma yi nasara. Wani daga cikin mazauna ya ce Allah ya tarfa wa garinta nono. Wani ya yi tsaki ya ce an dai je an sayar wa Nasara mutuncin ƙasa. Kawuna, wanda yake zuwa Ƙonni saro kaya sau biyu a wata, ya rage muryar rediyo ya ce: “Ƙonni fa? Wannan Ƙonnin tamu?”

Ita ce kuwa. Daga Dutsi zuwa can bai wuce kilomita 140 da ɗan wani abu ba a kan babban titin ƙasa, kuma an karanta hukuncin a Yamai wata biyar kafin wannan maraice. Duk da haka sai da labarin ya haye teku, ya sha tafi a Washinton, kafin ya dawo ya same mu a bakin kanti.

Bayan shekaru, da na shiga aikin jarida, na nemi hukuncin na karanta shi daga farko har ƙarshe. A 1996 aka sayar da Hadijatu tana da shekara 12, a kan jika 240, ga wani alhaji mai shekara 46 wanda ya riga ya cika mata huɗu. Wannan ita ce al'adar da ake kira wahaya: yarinya ƴar baiwa, a saye ta a ajiye a bayan matan aure, ba sadaki, ba ɗaurin aure, ba ranar girki, aikin gida da na gona nata ne, maigida kuma ya neme ta duk lokacin da ya ga dama. A takardar kotu an rubuta kalmar “sadaka”, wanda bai ji Hausa ba sai ya ɗauka kyauta ce don Allah, alhali sa-ɗaka ake nufi. Ta yi shekara 9 a haka, ta haifi ƴaƴa huɗu, biyu suka rayu. Ranar 18 ga Agusta 2005 maigidan ya ba ta takardar ƴanci da sa hannunsa da hatimin maigari. Da ta tattara ƴan komatsanta za ta tafi, sai ya ce ina, ai matarsa ce.

Daga nan aka shiga hawa da saukar shari'a. A watan Maris na 2006 ƙaramar kotun Ƙonni ta ce babu aure, tunda ba a biya sadaki ba, ba a ɗaura ba, ba a kuma nemi yardarta ba. A watan Yuni babbar kotun garin ta rushe wannan hukunci. Hadijatu ta auri wanda take so, tsohon ubangijinta ya kai ƙara cewa ta yi aure a kan aure, a watan Mayu na 2007 aka yanke mata wata shida, ta kwana a gidan kaso kimanin wata biyu kafin a sake ta. Duk wannan ya faru ne alhali tun watan Yuni na 2003 dokar ƙasa ta tanadi ɗaurin shekara 10 zuwa 30 ga wanda ya bautar da mutum. Alƙalai sun ga kalmar baiwa rubuce a gabansu, babu wanda ya tsaya ya tambayi wanda ya saye ta. A kan wannan sakaci ne kotun CEDEAO, a zamanta na Yamai ranar 27 ga Oktoba 2008, ta kama gwamnatin Nijar da laifin kasa kare ƴar ƙasarta, ta ce a biya ta miliyan 10 na sefa. Ta nemi miliyan 50 ne. Gwamnati ta karɓi hukuncin, ta biya.

Ba ita kaɗai ta yi wannan tafiya ba. Ƙungiyar Timidria, wadda aka kafa a 1991, ma'anar sunanta kuma ƴan'uwantaka a harshen Buzaye, ita ta riƙe mata hannu tare da lauyoyi da ƙungiyoyin Ingila. Ita ma Timidria ta ɗanɗana lambar yabo, ta kuma ɗanɗana abin da ke biyo baya. A ƙarshen 2004 ƙungiyar Anti-Slavery International ta Landan ta ba ta lambarta ta shekara, shugabanta Ilguilas Weila ya je ya karɓo. A watan Maris na 2005 aka shirya bikin ƴanta mutum 7000 a Inates, cikin jihar Tillaberi. Ranar taro ta zo, manya suka hallara, sai aka ce babu bawa ko ɗaya a wurin. A watan Afrilu aka kama Weila bisa zargin zamba, bai fito ba sai cikin Yuni. Wata biyar ke nan tsakanin tafin Landan da ƙofar kaso.

Wanda yake zaton lambar yabo garkuwa ce, to ya tuna da Ken Saro-Wiwa na Najeriya: an karrama shi a Sweden a 1994, aka ƙara a Amurka a 1995, ranar 10 ga Nuwamba ta wannan shekara gwamnatin Abacha ta rataye shi a Fatakwal. Ba ta kuma gaggauta shari'a. Hadijatu ta dawo daga Washinton, mujallar Time ta sa ta cikin mutum 100 masu tasiri a duniya a 2009, amma maganar aure a kan aure tana nan rataye a wuyanta a takardun kotunan gida. Sai a 2014 aka fara ɗaure wani a Ƙonni saboda ya ajiye wahaya, shekara huɗu aka ba shi. Sai a 2019 babbar kotun ƙasa ta wanke Hadijatu sarai, ta ce abin da ake kira mace ta biyar ba aure ba ne. Shekara goma cur bayan hoton nan da matar shugaban Amurka.

To mene ne amfaninta? Na daɗe ina juya wannan tambaya, abin da na iya gani shi ne ta hana musu. Kafin 2009, idan ka ɗauko zancen bauta a zauren ma'aikata, sai a ce maka wannan tarihi ne, ko kuwa ƙirƙirar masu neman kuɗin Turawa. Bayan duniya ta ga fuskar mace guda, da sunanta, da farashinta, da ranar da aka ƴanta ta, mai musu ya rasa wurin tsayawa. Sai ya koma cewa an tona mana asiri a waje. Wannan magana takan yi mini zafi, don akwai ƙanshin gaskiya a cikinta: waɗanda ke rabon lambobin nan suna da nasu lissafi, sukan ga laifin wata ƙasa su kau da kai daga na ƙawayensu. Sai dai kafin Hadijatu ta shiga jirgi, ta bi ƙofofin gida ɗaya bayan ɗaya, daga Ƙonni har Yamai. Da ɗaya daga ciki ta buɗe mata da wuri, da Washinton ba ta san sunanta ba.

Mu ƴan Arewa ma ba baƙi ba ne ga yabon da ke zuwa a makare. Sarauniyar Lugu ta tsaya gaban rundunar Voulet da Chanoine a watan Afrilu na 1899, amma yawancin ƴan ƙasa ba su san ta ba sai da Abdoulaye Mamani ya rubuta littafinsa a 1980, Med Hondo ya mayar da shi fim, fim ɗin ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. Sa'an nan muka fara sa wa makarantu da shaguna sunanta.

Na ce zan yi magana a kan abin da ya tsaya mini a rai, ban kuwa faɗe shi duka ba. Yana da sauƙi ɗan Dutsi ya nuna Ƙonni da yatsa ya ce abin na mutanen Adar da Buzaye ne, mu ba mu san wahaya ba. Amma akwai ƙanwarta a gidajenmu, ita ce binciken asali ranar neman aure.

Shekarun baya wani malamin lakwal, saurayi mai hankali da ke koyarwa a wani ƙauye wajen Tibiri, ya nemi ƴar baffana. Yarinya tana so, uwa tana so, an kai goron tambaya an karɓa. Sai dattawa suka tura a binciko asalinsa kamar yadda aka saba. Wanda aka aika ya dawo ya ce yaro ba shi da aibu, ba ya shan komai, yana riƙe da iyayensa, illa dai wani tsoho ya ce kakar kakansa sayo ta aka yi. Ina zaune a zauren a ranar, na zo hutu daga Yamai, katin jarida yana aljihuna. A makon nan ma na rubuta dogon sharhi a kan wani bikin ba da lambar yabo, na ambaci Hadijatu, na yi wa alƙalan Ƙonni tatas saboda sun ga zalunci sun yi shiru. Baffa ya dube ni ya ce: “Kai da ka yi boko, me ka gani?” Da na buɗe baki na ce dokar ƙasa ta hana, addini kuma bai san wannan ba, wataƙila da an saurara, don suna ganin girman karatuna. Na tuna cewa ni ma ban yi aure ba tukuna, kuma waɗannan dattawa ne za su je nema mini. Na sunkuyar da kai na ce: “Baffa, ku ne manya, abin da kuka gani shi ne daidai.” Washegari aka mayar da goro, aka ce wa mutanen yaro Allah bai yi rabo ba. Kowa ya gane.

Yarinyar ta auri wani, tana can Dosso da ƴaƴanta uku, ba mu taɓa tada zancen ba. Malamin kuwa an canza masa wurin aiki. Bara na gamu da shi a tashar Dutsi ranar kasuwa, yana jiran motar Matankari da buhun gero a gabansa. Na so in kauce, amma ya riga ya gan ni. Ya miƙo hannu biyu ya gaishe ni da fara'a, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, har da baffa. Da direba ya fara kiran fasinja, ya ɗaga buhunsa ya ce mini: “Sannu da ƙoƙari, malam. Duk abin da kuke rubutawa a kan haƙƙin ɗan Adam muna karantawa.”