Motar Da Ba Ta Gurfana

Duk abin hawan da Bahaushe ya gada kaka da kakanni, sai da aka tanadar masa hanyar hawa. Raƙumi, duk da tsawon nan nasa, gurfana yake yi a hau shi, sa'an nan ya miƙe da mutum. Doki yana da likkafa, in kuwa mai hawan basarake ne ko dattijo, akwai mai riƙe linzami, akwai kuma mai danne likkafar ɗaya gefen don kada sirdi ya juya. Jaki ba ya bukatar kome, ko yaro ɗan shekara 7 tsalle ɗaya zai yi ya ɗare. Watau mutanen da sun lura cewa ba kowa Allah ya ba tsawo ba, kuma hawa wani sashe ne na tafiya. Mota ce ta zo ba ta san wannan ladabi ba, musamman irin motar nan ta shiga daji wadda aka ƙara wa tsawo da gangan.

Wanda yake son ya ga irin wannan mota a bakin aikinta, sai ya hau tsaunin Mambila a Jihar Taraba, inda ƙasa ta yi bisa fiye da mita 1,500, damina kuma ta fi rabin shekara. Da zarar an bar babbar hanyar da ta bi ta Nguroje zuwa Gembu aka nufi ƙauyuka, sai jan laka da duwatsu da kwazazzabai. Tsofaffin motocin Land Rover sun daɗe suna ɗaukar mutane da masara a waɗannan hanyoyi. A Ingila aka fara ƙera wannan mota a 1948, jikinta na goran ruwa ne, ba ya tsatsa, ƙafafunta huɗu duka suna ja. An daina ƙera mai tsohon fasalin a 2016, amma makanikan tsauni ba su yarda ta mutu ba.

Ba don ado ake ɗaga ta ba. Makanike yakan ƙara wa sifirin falle 2 ko 3 domin ya jure nauyin buhuna, ya kuma sa manyan tayoyi. Abin lura a nan, ƙarin sifirin bodi kaɗai yake ɗagawa, amma ƙarfen da ya haɗa ƙafafun, wanda shi ne yake fara dukan dutse, ba abin da ke nisanta shi da ƙasa sai girman taya. Saboda haka ake haɗa biyun, kowanne kuwa yana ƙara wa bakin ƙofa nisa. Matakalar bene da magini ya yi daidai ba ta cika wuce inci 7 ba. Daɓen irin wannan mota yakan haura ƙafa 2 daga ƙasa, watau ana bukatar mutum ya haɗa matakala 3 ko fiye a taki ɗaya. Ga mai tsawon ƙafa 5, wannan wuri ya wuce gwiwarsa nesa.

Akwai wani direba a wannan yanki, dogo ne siriri, wanda ya yi shekaru yana wannan aiki bai taɓa sanin motarsa tana da wuyar hawa ba. Ina zai sani? Wando ne a jikinsa, ga sitiyari da zai kama ya ja kansa, ga shi kuma yana hawanta sau da yawa a wuni har jiki ya saba. Fasinja ba shi da sitiyari. In mace ce, zane ne a jikinta, wanda ba ya barin ƙafa ta ɗagu sai an kwaye shi, galibi kuma ga goyo a baya, ga ƙunshi a hannu. Abin da aka saba yi a tasha shi ne yaron mota ya hau ya kamo hannu ya fizgo, wani kuma ya tura ta baya, ana “Yi maza, Iya!” kamar ana loda buhun masara. Masu sayar da rake da 'yan kamasho suna kallo, wani lokaci har da dariya. Su dai a ganinsu taimako suka yi, tun da ga mutum ya shiga mota.

Mahaifiyar direban nan gajeruwa ce, ta kuma manyanta. Ciwon ido ya dame ta, ya ce zai kai ta asibiti a Gembu. Sau 3 yana zuwa da mota har ƙofar gida, kullum sai ta kawo dalili: yau kanta na ciwo, gobe ana suna a maƙwabta. Shi ɗan fari ne, ba ta kiran sunansa, balle ta zauna ta yi masa dogon bayani. Sai ran nan ya durƙusa ya ce, “Inna, ko tuƙina ne ba ki yarda da shi ba?” Ta kawar da kai, ta ce wa ƙanwarsa da ke gefe, “Gaya wa yaron nan, ni ba a cicciɓa ta a gaban surukaina. Idon ya tafi in zai tafi.”

Maganar ta tsaya masa a rai, domin nan take ya shiga tuno matan da yakan gani suna ja da baya in ya tsaya a bakin hanya, suna cewa ya wuce za su jira ta baya, alhali kowa ya san babu wata ta baya sai gobe. Da yana ɗauka rashin kuɗin mota ne. Ashe a cikinsu akwai masu ciki da ke son zuwa awo, akwai tsofaffin da suka gwammace su yi tafiyar wuni a ƙasa da wani ƙato ya dafa musu ƙugu. Mutum yakan iya faɗin ba shi da kuɗi, amma da wuya ya buɗe baki ya ce kunyar hawa yake ji.

Da fari wajen mai walda ya nufa, aka liƙa masa matakin ƙarfe a ƙarƙashin ƙofar baya. Bai yi mako 2 ba dutse ya tanƙware shi, domin duk abin da ya sauko ƙasa da bodi ya cinye tsawon da aka sha wahalar samarwa, shi ya sa ma direbobin daji suke kwance matakan da mota ta zo da su. Ya gwada igiya mai madauki kamar likkafa. Samari suka ji daɗinta, amma lilo take yi, tsohuwa ba ta amince mata. Daga ƙarshe wani tsohon turmi da ya tsage aka yar a bayan ɗaki shi ya raba gardama. Ya sa aka rage masa tsawo ya koma kamar ƙafa 1, aka huda shi aka zura igiya. In an tsaya a kife shi a gindin ƙofa, in an gama a jawo shi ciki. Ya kuma sa aka ɗaura mariƙi na ƙarfe a jikin ƙofar, daidai inda hannun gajere zai kai, ba can sama inda dogo yake kamawa ba.

Turmin kaɗai bai isa ba, sai da ya koya wa yaronsa tsari. A tsai da mota inda ƙofa za ta fuskanci tudu, ba rami ba. A fara karɓar kaya da goyo, hannuwan mai hawa su zama babu kome. A bar shi ya kama da hannu biyu kafin ya ɗaga ƙafa, domin muddin gaɓoɓi uku suna riƙe da wani abu, ta huɗun tana iya motsawa ba fargaba. Yaron mota ya taka gindin turmin don kada ya goce, ya kuma dubi wani wajen. In lalle sai an ba da hannu, mace ta fara shiga ta jawo 'yar'uwarta; in dattijo ne, a miƙa masa damtse ya dafa da kansa, kada a kamo shi. Tsakanin a kama mutum da ya kama ka akwai tazara mai yawa, ko da yake a ido abu ɗaya ne.

Abokan sana'arsa ba su bar shi ba. Suka laƙaba masa Mai Turmi, suna tambayarsa ko daka zai koma. Wani ya ce yana ɓata lokaci, lodin da za a gama cikin minti 10 sai ya kai 20. Wannan gaskiya ne, kuma a hanyar da hadari yake iya rufe ta kafin la'asar, minti 10 ba abin wasa ba ne. Shi dai amsarsa ɗaya ce, durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Waɗansu sun ce dabara ce ta jawo fasinja, tun da mata sun koma jiran motarsa. Ko da haka ne, ba a ga laifin dabarar da ta kai mai ciki asibiti ba.

Inda har yanzu yake fama shi ne wajen sauka, wadda ta fi hawa haɗari. Mutum ya yi awa 3 a takure, ƙafa ta yi sanyi, ga ɗokin isowa, sai ya juya wa mota baya ya diro, nauyinsa duka a kan gwiwa ɗaya, a kan laka mai santsi. Daidai shi ne a sauko da baya, fuska na duban mota, hannu na riƙe da mariƙi, kamar mai saukowa daga tsani. Mata da tsofaffi sun karɓi wannan ba musu. Magidanta gajeru su ne matsala, domin da yawansu suna ganin taka turmi a gaban jama'a kamar shelar gajartarsu ce, sai su tattare riga su yi tsalle. Don haka ya umarci yaronsa, wanda ya kusa kai shi tsawo, da ya riƙa taka turmin duk lokacin da zai hau ko zai sauka, ko da kuwa ba ya bukata.