Amanar Duna

Mai karatu, ka saba ganina a wannan fili ina magana kan hawan jini, ko zazzaɓin cizon sauro, ko illar shan magani ba bisa ƙa'ida ba. Yau labarin wani kare na kawo maka. Na san akwai wanda zai yamutsa fuska ya ce me ya haɗa mai harhaɗa magunguna da kare. Ka yi haƙuri ka biyo ni, domin maganar ta shafi lafiyar 'ya'yanmu.

A ƙarshen daminar 2021, lokacin da aka rufe kasuwannin mako aka kuma datse layukan waya a Zamfara, kawuna ya iso gidana a Ƙauran Namoda daga wani ƙauye da ke kusa da Badarawa, a ƙaramar hukumar Shinkafi. Ya taho da iyalinsa da 'yan ƙullin kayansu, hanyarsu ta Gusau ce, inda wani ɗan'uwa ya samo musu ɗaki. A hannunsa akwai igiya, a ƙarshen igiyar akwai wani baƙin kare ramamme mai suna Duna.

"Ɗana, ga amana," in ji shi. "Shekara huɗu shina kwana bakin garkena. Shanun sun tafi, shi kaɗai ya rage. Gidan haya kuwa ba a shiga da kare."

Na ce, "To, Kawu, Allah Ya ba ni ikon riƙewa." Amma a zuciyata ban san inda zan sa shi ba. Ban taɓa kiwon kare ba, uwargida kuma ta kawo maganar tsarki, wadda ba abar wasa ba ce. Muka tsaya a kan abin da malamanmu suka karantar, cewa an yarda a riƙe kare don gadi ko kiwo ko farauta, kuma hadisi ingantacce ya ba da labarin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Aka ware masa bayan gida, da kwanon abincinsa da na ruwansa, nesa da wurin sallah da madafa.

Makonnin farko Duna ba ya cin abinci sai ya tabbatar babu mai kallonsa. Yakan wuni a bayan tankin ruwa. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne babura: babur ɗaya ba ya damunsa, amma in uku ko huɗu suka wuce a jere, sai jikinsa ya ɗauki ɓari, ya cusa wutsiya tsakanin ƙafafu, ya kwantar da kunnuwa, yana haki kamar wanda ya yi tsere. Wanda ya san abin da ƙarar ayarin babura ke nufi a ƙauyukan Shinkafi da Zurmi ba ya bukatar a fassara masa. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Ashe dabba ma tana ajiye abin da ta gani.

Daren ƙaramar Sallar 2022 yaran unguwa suka sayo nokawut, abin fashewar nan da suke kyastawa su jefa. Ni kuwa, da dabarata, na ɗaure Duna da sarƙa a kusa da ƙofa don kada ya tsere, wato na tsare shi a wurin da ƙarar ta fi ƙarfi, na kuma hana shi mafaka. Da fashewar ta yi yawa ya dinga fizgar sarƙar har wuyansa ya goge. Ɗana na fari, yana da shekara shida a lokacin, tausayi ya kama shi, ya ruga ya rungume shi. Duna ya waiwayo ya kafa masa haƙori a hannu.

A nan ne zan faɗi laifina. Wata bakwai karen yana gidana ban kai shi an yi masa allurar rigakafin haukan kare ba, alhali ni ne mai ajiye irin wannan allura ta mutane a firijin asibiti, ni ne kuma mai yi wa jama'a faɗa in sun makara. Kawu ma bai taɓa yi masa ba. Da na ga jini a hannun yaron, abin da na karanta a jami'a ya dawo mini dalla-dalla: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, kuma kare ne sanadin kusan duk kamuwar. Ƙwayar cutar tana bin jijiyoyi a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa. Kafin ta kai, allura tana tare ta. In alamomi suka bayyana, da wuya ƙwarai a tsira.

Ga abin da na yi, kuma shi nake roƙon ka riƙe ko da ka manta sauran labarin. Na wanke ciwon da sabulu da ruwa mai zuba har minti 15, ina duba agogo, yaron yana kuka. Wannan wankin shi ne magani na farko, domin sabulu yana lalata rigar ƙwayar cutar, ruwa kuma yana fitar da ita. Na shafa aidin. Ban sa toka ba, ban sa gishiri ko barkono ko sassaƙe ba, ban kuma ɗaure ciwon tamau ba. A daren muka tafi asibiti aka yi masa allurar farko, aka rubuta mana ranakun sauran: rana ta 3, ta 7, sai ta ƙarshe daga mako na biyu. Likita ya duba batun allurar tetanus. In cizon ya huda fata, akwai wata allura ta garkuwa da ake yi a cikin ciwon kansa, mai tsada da wuyar samu. Ka tambayi likita a kanta, amma kada rashinta ya hana ka fara rigakafin.

Da gari ya waye maƙwabta suka taru da sanduna. Wani dattijo da nake girmamawa ya ce, "Malam, kare in ya fara cizo ya haukace, a kashe shi kawai." Na ce, "Baba, a yi mini haƙurin kwana goma." Dalilina shi ne, karen da ke ɗauke da cutar a yawunsa ranar da ya yi cizo ba ya wuce kwana goma bai nuna ciwo ko ya mutu ba. In aka kashe shi aka jefar, an binne amsar da ake nema. Na kulle Duna a wani shago, ina tura masa abinci ta ƙarƙashin ƙofa, yaron kuma yana ci gaba da karɓar allurarsa, domin ba a jiran sakamakon kallo kafin a fara. Kwana goman nan ban yi barcin kirki ba. Rana ta goma sha ɗaya Duna ya fito lafiya, yana kaɗa wutsiya.

Ya kamata ka san bambancin biyun. Kare mai tsoro yana da dalili: ƙara ta tashi, ya firgita, ya nemi maɓoya, ƙara ta lafa, ya dawo hayyacinsa. Mai ciwon hauka kuwa halinsa ne ke sauyawa ba dalili, yana cizon itace da ƙarfe da duk abin da ya tarar, muryarsa ta canja, muƙamuƙinsa ya saki, yawu na dalala, ƙafafu su shanye, ya mutu cikin 'yan kwanaki. Irin wannan kada ka kusance shi, ka kira ma'aikatan dabbobi.

Bayan haka na kira wani abokina likitan dabbobi, wanda muka yi zamani da shi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato. Na gaya masa ina tunanin ba Duna rabin ƙwayar maganin barci duk daren biki. Ya yi dariya ya ce, "Abokina, kai da kake hana mutane wannan?" Ya tuna mini cewa akwai magungunan da ke nauyaya jikin kare su bar tsoron yana nan, wasu kuma kan cire masa birki har ya fi saurin cizo. Akwai magungunan da suka dace, amma likitan dabbobi ne zai auna nauyin karen ya rubuta. Ni ma bari in ƙara da abin da na sani daga kantina: ibuprofen da diclofenac suna huda cikin kare su lalata ƙodarsa, paracetamol na iya taɓa hantarsa, ga kyanwa kuwa kisa ne. Fiya-fiya da wasu ke shafa wa kare don kashe kaska guba ce gare shi da yaron da zai taɓa shi.

Shawarar abokina ba ta ci kuɗi ba. Na cire sarƙa. Na gyara masa wani lungu a shagon, na shimfiɗa tsohon buhu, na bar ƙofar a buɗe kullum don ya san wurinsa ne. Ranar da na san za a yi hayaniya, ko Sallah, ko ɗaurin aure da samari ke fasa salansar babur, ko hadari ya haɗo, nakan zaga da shi da la'asar ya gaji, in ciyar da shi kafin magariba, in shigar da shi, in kunna rediyo a kusa. Kunnen kare yana kama sautin da namu ba ya ji, don haka abin da ka ɗauka wasan yara ne, a wurinsa ya fi haka nesa. Ba na dukansa, ba na daka masa tsawa, domin duka tsoro yake ƙara wa tsoro. In ya matso kusa da ni nakan yi masa magana a hankali. In ya ɓuya sai in ƙyale shi. Yara kuwa an kafa musu doka: ba a taɓa kare yana ci, ko yana barci, ko yana ɓari.

Sannan muka shiga horo. Na ɗauki ƙarar nokawut a waya, ina kunna ta ƙasa-ƙasa lokacin da yake cin abin da ya fi so. In bai damu ba, bayan kwana biyu in ɗan ƙara sauti. In ya daina ci, na yi gaggawa ke nan, sai in koma baya. Wata uku muka yi a haka. Bai warke sarai ba, har yau yakan shige lungunsa in babura sun yi yawa, amma ya daina fizge-fizge, kuma bai sake cizon kowa ba.

Sauran kulawar ta yau da kullum ce. Allurar haukan kare ana fara ta daga wata uku da haihuwa, a maimaita duk shekara. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana sarrafa ta, sai ka tambaya a ofishin dabbobi mafi kusa da kai, ka kuma adana katin. Masana sun nuna cewa in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan gari, cutar takan daina yawo, shi ya sa ake ware ranar 28 ga Satumba kowace shekara don tunatarwa. Maganin tsutsar ciki da na kaska daga hannun likitan dabbobi za su fito. Ruwa mai tsabta kada ya yanke, musamman a zafin bazara, kuma a sama masa inuwa. Sauran tuwo ba laifi, amma a rage masa miya mai yawan albasa da tafarnuwa, domin suna fasa masa ƙwayoyin jini, a kuma guji ba shi dafaffen ƙashin kaza mai tsagewa.

Wani abu kuma da Duna ya sa na lura da shi: a layin karɓar magani ina ganin yaran da aka kawo daga ƙauyuka, ƙofa in ta buga sai su zabura su riƙe zanen uwa. Da can nakan miƙa magani in kira na gaba. Yanzu nakan tambayi uwar ko yaron yana barci, ko yana fitsarin kwance bayan ya daina, in kuma tura su ga likita in na ga alama. Su ma ba duka suke bukata ba. Iyayen da ke saya wa yara nokawut a garuruwanmu su tuna cewa a bayan katangar maƙwabci akwai wanda ba zai iya bambance ta da harbi ba.

Bara Kawu ya zo daga Gusau. Tun kafin ya yi sallama Duna ya shaƙi ƙanshinsa, ya dinga kuka yana zagaye kamar ɗan kwikwiyo. Kawu ya durƙusa ya daɗe yana shafa kansa bai ce komai ba. Da zai tafi na tambaye shi ko zai koma da shi. Ya ce, "Bari dai, ɗana, sai ranar da muka koma gida." Na nuna masa katin allurar, ya juya shi gaba da baya, ya miƙo mini. Allah Ya kawo mana wannan ranar, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.