Addu'ar arba'in a Nima

Yayana ya rasu a Akra, wadda fataken garinmu ke kira Ankara, a watan Janairu na 2022. Zazzaɓi ne na kwana huɗu. Kafin labari ya iske mu a Galmi har an sallace shi an kai shi makwancinsa, don haka babu wanda ya ga gawarsa daga gidanmu. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana saukar da albasa a can, yana zuwa gida sau ɗaya a shekara, wani lokacin ma ba ya samun zuwa. Da kwanaki arba'in suka matso, abokansa suka kira suka ce za su yi masa sadaka, suna so wani daga jininsa ya zauna tare da su. Na san akwai malaman da ba su yarda da addu'ar arba'in ba, kuma ban raina hujjarsu ba. Amma Inna ta dube ni ta ce: "Je ka gano mini inda suka ajiye shi." Ban sake tambayar kowa fatawa ba.

Na shiga kar daga Yamai, muka bi Doso da Gaya, muka ƙetare gadar Malanbil, muka gangara Paraku da Kwatano, sannan Lome, muka shiga Gana ta Aflawo. Kusan kwana biyu ke nan a zaune. Abin da na riƙe daga hanyar kaɗan ne: a kowace tasha, duk inda kar ta tsaya, akwai mai shayi ko mai tsire da zai amsa maka sallama da Hausa.

Wanda ya tare ni haifaffen Nima ne, unguwar da yayana ya yi zaman haya. Ya rungume ni, ya daɗe bai sake ni ba, sannan ya ce: "Ƙanena, sannu da hanya. Mamanka yana lafiya? Ya yi haƙuri?" A gaskiya bai ce ƙanena ba, kanena ya ce, kuma hakuri ya ce. A nan ne na kama kaina da abin da har yau nake jin kunyarsa. Mutum yana kuka a kafaɗata, ni kuwa kunnena ya riga ya koma aji: ga ɓacewar jinsi a wakilin suna, ga ƙ ta koma k, bari mu ji ko ɗ ma ta koma d. A lokacin shekarata ta ƙarshe ce kafin mastar, kuma na karanta cewa Hausar Gana ba ta bambanta namiji da mace a nahawu. Na ma taɓa rubuta hakan a takardar jarrabawa, na kira shi zaizayewar harshe, aka ba ni maki mai kyau.

Ranar sadakar an shimfiɗa tabarmi a wani lungu da bai fi faɗin mota ɗaya ba. An sauke Alƙur'ani da safe, aka raba koko da ƙosai, da rana kuma aka kawo abin da suke kira wace, wato shinkafa da wake, wadda sunanta a bakin duk mutanen Gana daga kalmarmu ta wake ya fito. Mutanen da suka taru sun fi sittin, kuma waɗanda iyayensu Hausawa ne ba su kai rabi ba. Akwai Zabarmawa, da Dagomba, da Kotokoli, da Mosawa masu dako, har da wata mata Kirista mai sayar da tumatir wadda ta zauna can gefe da ɗankwalin aro. Hausar ce kawai ta haɗa su. Ba su kiran yayana da sunansa. Galmi suke ce masa, kamar shi ne garin gaba ɗaya.

Daga bakinsu na ji wani mutum da ban sani ba. A gida yayana miskili ne, yakan zauna a zaure ya yi shiru har a manta yana nan. A Nima kuwa an ce shi ne mai ba'a, shi ke raba faɗan ƴan dako da direbobin kamiyo. Da hukuma ta tashi ƴan albasa daga kasuwar Agbogbloshie a watan Yuli na 2021 ta mayar da su Adjen Kotoku, can bayan gari, ciniki ya faɗi, albasa ta riƙa ruɓewa a buhu, kuma an ce shi ne ya riƙa ciyar da yara uku masu yi masa dako ko da bai sayar da komai ba. Bai taɓa gaya mana wannan ba. Mu dai mun ga kuɗin da yake aikowa sun ragu, kuma ni da kaina na yi gunaguni a waya.

Bayan la'asar dattijon da ya ba shi ɗaki ya kira ni ciki. Ya miƙo mini wani littafin lissafi da leda mai kuɗi a ƙunshe. Na ce: "Baba, akwai wanda ke bin sa bashi?" Ya ce an yi shela a bakin kabari, mutum biyu suka fito, abokansa suka haɗa suka biya tun a ranar. Na nemi ya gaya mini nawa ne don mu mayar, ya ƙi. Ya ce shi ya yi masa wanka da hannunsa, wanda ya yi wa mutum wanka kuwa ba ya karɓar kuɗi a kansa.

Da dare wani daga cikinsu ya ce ko ina so in ji muryarsa. Ya buɗe WhatsApp ya danna. Yayana ne, yana tsokanar abokinsa a kan wata bazawara, yana cewa "ya ce ba ya so ka." Babu shina, babu hwaɗi, babu ko ɗaya daga karin harshen da muka tashi da shi. Ya saki jinsi, ya saki ƙugiya, yana magana da sauri yana dariya. Ban taɓa jin ya sake jiki haka da Hausar gidanmu ba. Wannan karon ban ƙirga komai ba, na dai ce a sake kunnawa.

Tun daga ranar kalmar zaizayewa ta daina shiga mini baki. Ba na musun abin da aka bayyana: bambancin jinsi ya tafi, wasu baƙaƙen sun haɗe, kuma dalilin a fili yake, harshe ne da mafi yawan masu shi suka koya a kasuwa da zango a kan wani harshen na gida. Amma da wannan Hausar aka ce wa yayana sannu yana jinya, da ita aka yi shelar bashinsa. Kundin da nake rubutawa yanzu a kan wakilin suna a Hausar zango ne, kuma malamina ya riga ya ja mini kunne sau biyu cewa in rage son zuciya a babi na farko. Yana da gaskiya.

Kashegari suka kai ni maƙabarta. Kabarin ba shi da alama sai wani guntun bulo da suka shaida. Na yi addu'a, na ɗauki hoto saboda Inna.

Da na koma Galmi ta karɓi wayar, ta dubi hoton na ɗan lokaci ta ajiye. Sai na kunna mata saƙon. Ta saurara da goshi a tamke, ta ce: "Wane ne wanga mai maganar ƴan Gana?" Ban amsa ba. Can ƙarshe ya yi dariyar, sai ta kai hannu ta rufe bakinta. Da ya ƙare ta ce in nuna mata inda ake dannawa.